Sharhi kan rangadin Casino na Marino, gidan shaƙatawar Lord Charlemont a Dublin

A arewacin birnin Dublin, a unguwar Marino, daf da titin Malahide, akwai wani ƙaramin gini na farin dutse da ake kira Casino, wanda Ofishin Ayyukan Gwamnati na ƙasar Ayalan, wato OPW, yake kula da shi, yake kuma zagayawa da baƙi a cikinsa. Kada sunan ya sa mai karatu ya ja da baya, domin ba gidan caca ba ne. Kalmar ta Italiyanci ce, kuma ƙaramin gida take nufi. Wanda ya gina shi shi ne James Caulfeild, basaraken da aka fi sani da Lord Charlemont, wanda aka haifa a Dublin a shekarar 1728, ya mutu a 1799, ya kuma kasance ɗaya daga cikin manyan 'yan siyasar ƙasar a zamaninsa. Ba a barin baƙo ya yi yawo shi kaɗai a cikin ginin, sai dai ya bi mai jagora tare da 'yan mutane kaɗan, kuma wannan rangadi shi ne abin da nake so in yi sharhi a kansa. Ra'ayina tun daga farko shi ne rangadin ya cancanci lokacin da za a kashe masa, musamman ga wanda ya je yana riƙe da ɗan tarihin mai gidan a kansa, saboda abin da ido zai gani a wurin rabin labarin ne kawai.

Isa wurin ba shi da wahala. Wanda ya hau jirgin ƙasa na cikin gari zai iya sauka a tashar Clontarf Road ya ƙarasa da ƙafa, kuma motocin bas da ke bin titin Malahide suna ajiye mutum kusa. Yana da kyau a duba shafin hukumar a intanet kafin a fito, don a san ranakun da ake buɗewa da lokutan da ake fara zagayen.

Abin da ya fi burge ni a tsarin rangadin shi ne yadda ginin yake tilasta a fara kallonsa daga waje, tun kafin a taɓa ƙofa. Wanda ya tsaya a kan ciyawar da ke gabansa zai rantse ɗaki ɗaya ne tak, mai ƙatuwar ƙofa guda da manyan tagogi, an kewaye shi da ginshiƙai goma sha biyu, da zakoki huɗu na dutse kwance a kusurwoyinsa. Faɗinsa bai wuce kimanin mita 15 ta kowane gefe ba. Amma a cikin wannan ɗan fili akwai ɗakuna 16 a hawa uku, kuma duk hikimar maginin ta tafi ne wajen ɓoye wannan gaskiya. Huɗu daga cikin ginshiƙan rami ne a cikinsu, su ne suke aikin indararo, suna sauko da ruwan sama daga rufi ba tare da an ga bututu ko ɗaya a jikin bango ba. Manyan tulunan dutse biyu da ke can sama, waɗanda baƙo zai ɗauka ado ne kawai, su ne bututun hayaƙin murhun gidan. Gilasan tagogin an ɗan lanƙwasa su yadda hasken rana zai riƙa dawowa idon mai kallo, don kada ya gane cewa taga guda tana haska ɗakuna fiye da ɗaya, kuma akwai bango da ya ratsa ta daga ciki. Ba na jin baƙon da ba a nuna masa ba zai gano ko da rabin waɗannan abubuwa da kansa, kuma a nan ne amfanin mai jagora yake fitowa fili.

Ƙofar ita ce ta fi tsaya mini a rai. Daga nesa ta yi tsayin da za a ce an yi ta ne don mahayin doki ya shige ba tare da ya sunkuya ba, an kuma sassaƙa ta da katako mai kauri. Da mai jagora ya tura ta, sai a ga ashe wani yanki ne kawai na ƙasa yake buɗewa, daidai tsayin mutum, sauran kuwa yana nan kafe a wurinsa. Mutum yana shiga sai ya sami kansa a wani ɗan ɗakin tarbar baƙi da ya yi aiki irin na zaure a gidan mai sarauta, inda baƙo yake tsayawa ya ga martabar gida kafin a yi masa iso. A ƙarshen ɗakin bango ya lanƙwashe kamar rabin da'ira, da ƙofofi uku na jan katako, kuma daga nan ake wucewa babban falo. Daɓen falon ba siminti ba ne, ba kuma dutse ba. Ƙananan katakai ne masu tsada, masu launi daban-daban, da aka kawo daga ƙasashe masu nisa aka jera su cikin zane, ga shi kuma fiye da shekara ɗari biyu bayan haka ana iya bin layin kowane yanki da ido. A rufin falon an yi fuskar Apollo, ɗaya daga cikin allolin tsofaffin Girkawa, tana fitowa daga cikin hasken rana. A jikin bangon akwai ƙofofin da aka yi musu fenti da ado iri ɗaya da bangon, ta yadda ba a gane su sai an buɗe, su ne suke kai mutum ƙananan ɗakuna biyu na gefe, ɗaya na karatu mai zanen taurari a rufinsa, ɗaya kuma wanda aka riƙa ajiye tangaran a ciki.

Wanda ya zana ginin shi ne Sir William Chambers, magini na Sarki George na Uku na Birtaniya, wanda kuma ya zana Somerset House a Landan. Chambers bai taɓa taka ƙasar Ayalan ba, don haka bai ga wannan aiki nasa da idonsa ba. Zane yake aikowa, wani gwanin sassaƙa mai suna Simon Vierpyl, wanda Charlemont ya san shi tun a Roma, yana tsaye a kan aikin. An fara ginin a ƙarshen shekarun 1750, ba a gama ba sai wajen 1775.

Ba za a fahimci dalilin da ya sa mutum zai zuba dukiya haka a gidan da ba a cikinsa yake zaune ba sai an san ƙuruciyarsa. Mahaifinsa ya mutu a 1734, ya gaji sarauta da filaye bai cika shekara shida ba. A 1746 aka tura shi yawon buɗe ido da neman ilimi, kamar yadda 'ya'yan manyan Turai suke yi a lokacin, sai dai nasa yawon ya ɗauki kusan shekara tara. Ya zauna a Turin, inda ya yi abota da masanin falsafa David Hume, ya daɗe a Roma, sannan a 1749 ya shiga jirgin ruwa ya zagaya tsibiran Girka, ya je Istanbul a zamanin Daular Usmaniyya, ya kuma sauka a Masar, a lokacin da kaɗan ne daga cikin tsaransa suke wuce Italiya. Ya tafi da mai zane, Richard Dalton, don ya zana masa kufayin da suka gani. A Roma ya yi mu'amala da shahararren mai zane Piranesi, wanda ya yi niyyar sadaukar masa da babban aikinsa kan tsofaffin gine-ginen birnin, amma suka ɓata kan kuɗin tallafi, har Piranesi ya goge sunansa daga aikin ya kuma buga wasiƙun ƙorafinsa a 1757. Da ya dawo gida, mijin mahaifiyarsa, Thomas Adderley, ya ba shi gida da fili a wannan yanki mai kallon teku, shi kuma ya ƙudura ya dasa wani yanki na Italiya a bakin gaɓar Dublin.

Akwai wani abu a halinsa da nake ganin ya cancanci yabo ba tare da ragi ba. Da yawa daga cikin masu manyan filaye a Ayalan a wancan ƙarni sun fi son zama a Landan, wakilansu suna karɓo musu kuɗin haya daga manoma suna aika musu, ƙasar da ta samar da dukiyar ba ta ganin ko sisi. Charlemont yana da duk dalilin da zai sa ya bi sahunsu, domin abokansa na hira suna can, irin su Samuel Johnson da Edmund Burke da Joshua Reynolds. Amma ya ɗauki zama a ƙasarsa a matsayin wajibi, ya kashe dukiyarsa a cikinta, ya gina wannan wuri, ya gina wani babban gida a tsakiyar Dublin, wanda shi ma Chambers ne ya zana, wanda kuma ya zama gidan ajiye zane-zane na Hugh Lane tun 1933. A 1785 ya zama shugaban farko na Royal Irish Academy, cibiyar masana da har yau take aiki. Wanda ya tsaya a falon Casino da wannan a ransa zai ga aikin mutumin da yake so a daina kallon ƙasarsa a matsayin ƙauyen Ingila.

Siyasarsa ma a kan wannan turba ta tafi. A lokacin Ayalan tana da majalisar dokoki a Dublin, amma hannunta a ɗaure yake: wata doka ta 1494, da ake kira dokar Poynings, ta hana ta zartar da komai sai da amincewar majalisar sarki a Landan, wata kuma ta 1720 ta ba majalisar Birtaniya ikon yi wa Ayalan doka kai tsaye. Charlemont ya sami ƙarin girma zuwa sarautar Earl a 1763, bayan ya taimaka wajen kwantar da boren manoma a yankin Armagh, amma bai zama ɗan amshin shatan gwamnati ba. A 1775 ya ba wani matashin lauya, Henry Grattan, kujerar mazaɓar Charlemont da ke hannunsa, kuma Grattan ne ya zama muryar masu neman 'yancin majalisar. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya janye sojojin Birtaniya daga ƙasar, aka kuma ji tsoron harin Faransa, sai jama'a suka kafa rundunonin 'yan sa-kai daga 1778, suka sayi makamai da kaki da kuɗinsu, kuma Charlemont ya zama babban kwamandansu. Waɗannan dubban mutane masu bindiga, waɗanda ba gwamnati ce take biyansu ba, su ne suka sa Landan ta saurara. Bayan taron da wakilansu suka yi a Dungannon a watan Fabrairun 1782, aka soke dokar 1720, aka sassauta ta Poynings, majalisar Dublin ta sami 'yancin yin dokokinta.

Rangadin da bai kai sa'a guda ba, wanda kuma dole ya ba ginin kansa mafi yawan lokaci, ba zai iya ɗaukar duk wannan ba, shi ya sa nake ba da shawarar a karanta kafin a je, a kuma yi wa mai jagora tambayoyi. Kuma akwai tambayar da nake ganin bai kamata baƙo ya fita bai yi ta ba, wato su wane ne wannan 'yanci ya shafa. Kimanin kashi uku cikin huɗu na mutanen Ayalan a lokacin 'yan Katolika ne, kuma dokokin ƙasar sun hana su zama a majalisa, sun ƙwace musu ƙuri'a a 1728, shekarar da aka haifi Charlemont, ba a mayar musu da ita ba sai 1793. Filayen da suka ciyar da wannan gida ma suna da nasu tarihin. Wanda ya kafa gidan Caulfeild a Ayalan, Toby Caulfeild, soja ne daga Ingila da aka ba riƙon ganuwar Charlemont, wadda aka gina a 1602 lokacin yaƙi da sarakunan gargajiya na Ulster, yankin arewacin Ayalan, kuma bayan waɗannan sarakuna sun bar ƙasar a 1607, aka raba filayensu ga baƙi, ya sami kaso mai yawa. Saboda haka kowane katako da ke daɓen falon nan an saye shi ne da kuɗin hayar ƙasar da aka karɓe daga hannun masu ita.

Charlemont ya shafe mafi yawan rayuwarsa ta siyasa yana adawa da ba 'yan Katolika cikakken haƙƙin siyasa. A watan Nuwamban 1783, da wakilan 'yan sa-kai suka taru a zauren Rotunda a Dublin don neman gyaran tsarin zaɓe, shi ya shugabanci taron, kuma ya yi hakan ne har da nufin hana Frederick Hervey, babban limamin cocin gwamnati a Derry, wanda yake goyon bayan 'yan Katolika, ya ja ragamar. Majalisa ta yi watsi da ƙudurin gyaran da Henry Flood ya gabatar, Charlemont ya sallami taron cikin lumana, kuma daga nan ƙarfin 'yan sa-kai ya fara dusashewa. Ana iya cewa ya kare ƙasar daga zubar da jini a wannan rana, kuma na yarda da gaske yake tsoron fitina. Amma ina ganin a nan ne ya gaza, domin ya so Ayalan da zuciya ɗaya, sai dai Ayalan ɗin da yake nufi ta 'yan tsiraru ce masu filaye mabiya cocin gwamnati. Jinin da ya guje wa ya zuba a tawayen 1798, yana raye yana gani. Ya yi adawa da shirin haɗe majalisar Dublin da ta Landan, ya mutu a watan Agustan 1799, kuma a ranar 1 ga Janairun 1801 majalisar da ya yi wa gwagwarmaya ta daina wanzuwa.

Wurin da ya fi dacewa a tsaya a yi tunanin wannan shi ne hawan ƙasa na ginin, kuma na ji daɗi da rangadin ya haɗa da shi. Nan ne kicin yake da ɗakunan aikin barori, a ƙarƙashin dandamalin da zakoki suke kwance a kai, inda mai kallo daga waje ba zai san akwai kowa ba. Bangon ba ado, rufin ya yi ƙasa, hasken kaɗan ne, kuma daga gefensa akwai hanyoyi da rumbuna da aka haƙa cikin ƙasa. Waɗanda suka hura wutar da hayaƙinta yake fita ta tulunan sama a nan suka yini. An kuma ruwaito cewa a 1921, lokacin yaƙin neman 'yancin ƙasar, Michael Collins, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin, da mutanensa sun gwada sababbin bindigogi ƙirar Thompson a cikin waɗannan hanyoyi, don kada a ji ƙararsu a waje.

Akwai abubuwan da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani don kada ya sa rai da abin da babu. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, matakalar da ke hawa sama ƙunci gare ta, kuma tun daga waje sai an taka matakala kafin a kai ƙofa, don haka tsofaffi da masu ciwon gwiwa da masu keken guragu za su sha wahala, kuma wannan daga yadda aka gina wurin ne tun asali. Wanda ya ƙi jinin mutum-mutumi ya sani cewa akwai su a saman ginin, siffofin allolin Girkawa da Romawa, ga kuma ƙoƙunan kan shanu da aka sassaƙa a jere a ƙarƙashin rufi. Ba wurin ibada ba ne, ado ne irin na masu kuɗin Turai na wancan zamani, amma gara a sani kafin a kai iyali. Yara masu wayo za su ji daɗin neman ɓoyayyun ƙofofi, ƙanana sosai kuwa za su gaji da tsayuwa.

Babban rashin shi ne na muhallin da aka yi ginin dominsa. Casino ado ne a cikin wani makeken lambu da ya gangara har bakin teku, wanda Charlemont ya bar jama'a suna shiga shan iska, kuma daga saman ginin ana hango gaɓar Dublin da duwatsun da ke kudu. Tun yana raye aka fara tare masa gani, lokacin da aka gina jerin gidajen Marino Crescent a 1792, inda daga baya aka haifi marubuci Bram Stoker. Gine-ginensa sun bar wa magadansa bashi mai nauyi. An kai littattafansa Landan don gwanjo a 1865, gobara ta cinye mafi yawansu a ma'ajiyar masu gwanjon, aka sayar da gidan cikin gari ga gwamnati a 1870, filin Marino ma ya fita daga hannun iyalin. An rushe babban gidan Marino a shekarun 1920, hukumar birni ta gina unguwar ma'aikata a wani ɓangare na filin, kuma a yau makwabcin Casino na kusa shi ne jan ginin da 'yan kwana-kwana na Dublin suke samun horo a ciki. Kayan ɗakin asali ma sun watse, saboda haka abin da za a gani shi ne ginin kansa, da daɓensa da adon rufinsa, waɗanda gwamnati ta karɓa a 1930 suna lalacewa, aka kuma yi musu gyara na tsanaki daga shekarun 1970.

Ina ba ɗalibanmu masu karatun zanen gini da injiniyanci a Ayalan shawarar kada su bar ƙasar ba su je ba, haka ma duk wanda yake sha'awar tarihin yadda ƙasar da ke ƙarƙashin wata take neman muryarta. Idan lokaci ya ba da dama, a haɗa ziyarar da tsayawa a dandalin Parnell don ganin gidansa na cikin gari, sannan a gangara College Green, inda tsohon ginin majalisar yake, wanda Bankin Ayalan ya saya bayan an soke majalisar. A gaban wannan gini ne 'yan sa-kai suka yi fareti da igwa a ranar 4 ga Nuwamban 1779 suna neman a cire wa ƙasar takunkumin ciniki, kuma zauren dattawan da Charlemont ya zauna a ciki yana nan a cikin bankin kusan yadda ya bar shi.